Ruwan zafi, ruwan sanyi, ko a riƙa sauyawa: wanne ya dace da ciwon da ke damunka?

Bokiti biyu da agogo su ne duk kayan aikin. A zuba ruwa mai ɗumi sosai a ɗaya, ruwan sanyi a ɗayan. Mutum ya tsoma ƙafa ko hannu a na zafin minti 3 zuwa 4, ya ciro ya tsoma a na sanyin minti 1, ya yi ta maimaitawa har wajen minti 20. Wannan ne abin da ake ta yayatawa a bidiyoyin Facebook da TikTok, ana cewa yana wanke jini, yana ƙara garkuwar jiki, har ma yana narkar da teɓa. Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne ba a faɗa wa mutane cewa ruwan da ya yi wa wani magani, shi ne zai kwantar da wani a asibiti. Saboda haka tambayar da ta kamata mutum ya yi ita ce: ga ciwon da nake fama da shi yau, kuma ga irin jikina, zafi zan ɗauka, ko sanyi, ko sauyawa?

Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na 19 wani manomi mai suna Vincenz Priessnitz, a yankin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek, ya yi suna wajen yi wa mutane magani da ruwan sanyi. Bayansa wani limamin coci a kudancin Jamus, Sebastian Kneipp, wanda ya rasu a 1897, ya tsara hanyoyin zuba ruwa a gaɓoɓi da tafiya cikin ruwan sanyi, har yau kuma ana yinsu a Jamus da sunansa. Mutanen Finlan su ma sun saba fitowa daga ɗakin zufa su faɗa tafki mai ƙanƙara. Sai dai a lura, duk waɗannan ƙasashen sanyi ne, inda ruwan rijiya da na famfo suke fitowa da sanyi mai ratsa ƙashi. Wanda ke Kano ko Damagaram a watan Afrilu, ruwan tankinsa da rana ya kusa zama ruwan shayi. Wannan bambanci yana shafar komai, zan dawo kansa.

Zafi yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, yana sa tsoka ta saki, gaɓar da ta sage ta yi laushi. Sanyi yana tsuke hanyoyin jinin, yana rage saurin saƙon raɗaɗi a jijiya, wurin ya ɗan mutu na ɗan lokaci. Masu sauyawa suna cewa buɗewa da tsukewa a jere suna tura jini kamar famfon tuƙa-tuƙa, ya kwashe kumburi. Maganar tana da daɗin ji. Amma da masu bincike suka soka na'urar auna zafi cikin tsokar sha-raɓa, kamar santimita 1 ƙarƙashin fata, sun tarar zafin tsokar bai wani motsa ba duk da sauye-sauyen. Wato yawancin aikin a fata da jijiyoyin ji yake tsayawa. Hakan bai sa sauƙin da mutum ke ji ya zama ƙarya ba. Yana dai nuna mana iyakar abin, don kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Mu fara da inda aka fi yin kuskure, wato sabon rauni. Yaro ya yi targaɗe a filin ƙwallo, an kawo shi gida idon sawu ya fara tashi. Abin da aka saba shi ne a ɗora ruwa a wuta, a tsoma tsumma a gasa masa wurin, a murza da man zafi. A kwana biyun farko wannan yana ƙara kumburi, domin a cikin wurin akwai ƙananan jijiyoyin jini da suka yage, zafi da murza kuma suna ƙara musu zuba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1988 ya raba mutum 30 masu targaɗen idon sawu gida uku: wasu sanyi, wasu zafi, wasu sauyawa. Waɗanda aka yi wa sanyi kaɗai su ne suka fi ƙarancin kumburi, sauyawar kuwa ba ta fi zafi zalla da komai ba. Nan sanyi ne ya yi nasara, babu tantama. A sayo ƙanƙara ta leda, a farfasa, a naɗe ta a tawul mai ɗan laima, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar bisa matashi ta fi ƙirji tudu, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Kada a ɗora ƙanƙara tsirara a fata, ita ma tana ƙona. In kuwa yaron ba ya iya taka ƙafar ko da taku huɗu, ko ƙashin kansa ne ke ciwo in an danna, to ba maganar bokiti ba ce, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar ɗori.

Haka ƙuna. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti 20, kafin a nemi komai. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja duk ba su da gurbi a nan. Wanda zafin rana ya buge kuma, ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a kasuwa, shi ma sanyi ne cetonsa: a kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita ana hanyar asibiti. Zazzaɓi ya sha bamban kaɗan. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa a sanyaya zazzaɓi da ruwa, kuma shafa jiki da tsumma mai laima yana kawo sauƙi, sai dai ga yara ruwan ya zama mai ɗan ɗumi-ɗumi, domin mai sanyi ƙwarai yana sa karkarwa, karkarwa kuma tana ƙara zafin jiki. Shafar ba ta maye gurbin gwajin maleriya.

Ruwan zafi kuwa, a ganina shi ne ya fi yawan aiki a rayuwar yau da kullum, ko da yake ba shi da masu talla. Ciwon bayan da ya daɗe, wuyan da ya sage bayan barci, gwiwar dattijo da ke ƙin lanƙwasuwa a sujada da asubahin hunturu, ciwon mara lokacin al'ada, duk ɗumi suke so. Tawul da aka tsoma a ruwan zafi aka matse, ko gorar roba da aka cika da ruwan ɗumi aka naɗe da zane, a ɗora minti 15 zuwa 20. Mai basir ko tsagewar dubura zai samu sauƙi in ya zauna cikin baho mai ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan ya zaga. Babu buƙatar ya bi shi da ruwan sanyi.

Sai barci. A 2019 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun tattara bincike da dama suka gano cewa wanka da ruwan da zafinsa ya kai digiri 40 zuwa 42 da rabi, awa 1 zuwa 2 kafin kwanciya, yana rage lokacin da mutum ke ɗauka kafin barci ya ɗauke shi da kusan minti 10. Dalilin shi ne jini yana fitowa fata, hannu da ƙafa su saki zafi, cikin jiki ya huce, hucewar nan kuma ita ce ke kiran barci. Wanda ya rufe wankan darensa da ruwan ƙanƙara ya rushe wannan, domin sanyi mai tsanani wartsakarwa yake yi. A bazara dai, da ɗaki ke turiri kuma babu wuta, watsa ruwan randa kafin kwanciya shi ne daidai, don abin da ake nema shi ne jiki ya huce.

To ina gurbin sauyawa? Gurbinta ƙarami ne, amma yana nan. Ta fi dacewa da hannu da ƙafa, bayan zafin rauni ya wuce: targaɗen da ya kwana huɗu ko biyar, kumburi ya fara sauka amma gaɓar ta sage, hannun da aka cire wa filasta, yatsu sun yi tauri sun ɗan kumbura, tafin ƙafar mai tsayuwa a shago tun safe, wuyan hannun tela ko mai kitso. Ma'aikatan gashin ƙashi a asibitoci suna amfani da ita a irin waɗannan. Amfanin da na fi yarda da shi shi ne, ɗumin yana ba ka damar motsa gaɓar a cikin ruwa ba tare da raɗaɗi sosai ba, sanyin kuma yana kwantar da zugin da motsin ya tayar. Motsin ne ke dawo da gaɓa, ruwan hanya yake share masa. Wanda ya tsoma ƙafa ya zauna yana danna waya ya bar rabin amfanin a bokiti. A cikin na ɗumi, ka riƙa juya idon sawu, ka lanƙwasa yatsu ka miƙe, a hankali.

Ga 'yan ƙwallo da masu dambe da duk wanda aikin ƙarfi ya bar wa tsamin jiki, an tattara gwaje-gwaje 18 a 2013 aka duba. Sauyawa ta fi zaman hutu kawai wajen rage tsamin tsoka da dawo da ƙarfi. Amma da aka gwada ta da ruwan sanyi zalla, ko ɗumi zalla, ko miƙe jijiyoyi da ɗan sassarfa, babu wani fifiko da ta nuna a fili. Ke nan in ƙanƙara ta yi tsada ko babu wuta a unguwa, ba ka rasa wani abin kirki ba. Masu ɗaga ƙarfe don tara tsoka kuwa su yi hattara da sanyi. A wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2015, samari sun yi mako 12 suna atisayen ƙarfi. Waɗanda ke shiga ruwa mai digiri 10 na minti 10 bayan kowane atisaye ba su tara tsoka da ƙarfi kamar waɗanda suka huce da tuƙa keke a hankali ba. Sanyi na da amfani ranar da wasa ke biye da wasa, ba kullum bayan atisaye ba.

Maganar garkuwar jiki daga wani gwaji na ƙasar Holan ta fi samun ƙarfi, wanda aka buga a 2016. Mutum 3,018 ne suka shiga. An ce wasu su riƙa rufe wankansu na ɗumi da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, ko 60, ko 90, har kwana 30, sauran kuma su yi wanka yadda suka saba. Masu rufewa da sanyi sun rage fashin aiki saboda rashin lafiya da kashi 29 cikin 100. Wannan adadin ne ake ta yawo da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan kwanakin da suka ce sun yi rashin lafiya bai ragu ba. Sun dai fi jurewa su fita aiki. Kuma mai daƙiƙa 90 bai fi mai 30 samun komai ba. Don haka in kana da lafiya kuma kana son wartsakewar safe, kofi uku ko huɗu na ruwan sanyi a ƙarshen wanka sun wadatar. Batun narkar da teɓa da wanke dattin jini kuwa babu hujjar da ta tsaya a kai. Ƙoda da hanta ne ke tace jini, ruwan bokiti ba ya kai musu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci, kuma shi ne masu bidiyo ke tsallakewa. Kowane allazi da nasa amanu, kuma a gidajenmu akwai mutane da yawa da ɗaya daga cikin bokitan nan biyu haɗari ne gare su.

Na farko mai sikila. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, da wuya ka sami dangin da babu shi. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ƙwayoyin jininsu masu lanƙwasa su maƙale, ciwo ya tashi. Iyayen irin waɗannan yara sun san abin da dukan ruwan sama ko wankan rafi ke jawowa. Ga mai sikila babu ƙanƙara, babu wankan sanyi, babu sauyawa, ko da targaɗe ya yi. Ɗumi mai sauƙi a wurin da ke ciwo, da shan ruwa sosai, da maganin da likita ya rubuta, su ne nasa.

Na biyu mai ciwon suga da ya daɗe. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa a hankali, har mutum ya tsoma ƙafa a ruwan da zai saɓule fata bai ji komai ba. Washegari ƙafa ta yi bororo, bororo ya fashe ya zama gyambo, gyambon mai suga kuma ba ya warkewa da wuri. Ta irin wannan ƙaramar hanya ake kai wa ga yanke ƙafa. Wanda ke jin ƙafarsa na dindiris ko kamar yana taka auduga, ya nisanci jiƙa ta a ruwan zafi gaba ɗaya. Haka wanda kuturta ko shanyewar ɓarin jiki ta rage masa ji.

Masu hawan jini da ciwon zuciya kuma, haɗarinsu a wankan jiki duka yake. Shiga ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15 farat ɗaya yana sa numfashi ya fizge, bugun zuciya da hawan jini su yi tsalle cikin daƙiƙu. Zafi mai yawa yana yin kishiyar haka: jini ya sauka, mutum ya miƙe jiri ya ɗebe shi a banɗaki mai santsi. Sauyawa tana haɗa masa duka biyun a jere. Dattijai da masu farfaɗiya da masu juna biyu su tsaya a ruwa mai ɗumi madaidaici, kada su daɗe a ciki. Wurin da ke da buɗaɗɗen ciwo ko ƙurji mai ruwa ba a jiƙa shi. In kuma sha-raɓar ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi ba tare da an buge ba, musamman bayan haihuwa ko doguwar tafiya a mota, kada a gasa kada a murza, domin yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. A tafi asibiti a ranar.

Ba zan wuce nan ban taɓo wankan jego ba, tunda shi ne babban maganin ruwan zafi da muka gada. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka zargi wankan tafasasshen ruwa safe da yamma na kwana 40, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya, wanda Kano ta jagoranta, bai tabbatar da cewa wankan ne sanadi ba, ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da talauci da hawan jinin masu ciki. Duk da haka ƙuna da jiri da suma a wurin wankan abubuwa ne da ake gani. Ɗumi yana yi wa mai jego daɗi kuma yana sassauta mata jiki, amma ba sai ruwan ya kai na fige kaza ba. Wadda aka yi wa tiyata, ko ta yi hawan jini da ciki, ta tambayi ma'aikatan asibiti tukuna. Mai jegon da ta fara haki, ƙafafu suka kumbura, tana tari in ta kwanta, ba ƙarin wanka take buƙata ba, likita take buƙata da gaggawa.

Sai batun kuɗi da yanayi. Ruwan zafi yana cin gawayi ko gas. Ruwan sanyi na gaske, digiri 10 zuwa 15 da ake amfani da shi a waɗancan bincike, a yawancin watanninmu sai da ƙanƙara, ita kuma a bazara da azumi farashinta tashi yake. Sanyaya baho guda da mutum zai shiga dukansa ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga ruwan ma saye ake yi wurin 'yan garuwa. Bokitin ƙafa ɗaya kuwa ƙullin ƙanƙara ɗaya ko biyu sun ishe shi. A hunturu ruwan da ya kwana a waje ko a randa ya wadatar ba tare da an sayi komai ba. Shi ya sa nake ganin sauyawar jiki duka ba ta cancanci wahalarta ba a gidan mai ƙaramin ƙarfi, ta gaɓa ɗaya kuwa tana da sauƙi kuma haɗarinta kaɗan ne.

In ka yanke shawarar yin ta, fara zuba ruwan sanyi a bokitin da za ka haɗa na ɗumi, sannan ka ƙara tafasasshen a kai. Ta haka ko yaro ya rarrafo ba zai tarar da tafasasshen ruwa zalla ba. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, fatar yaro kuma ta fi saurin ƙonewa. Zafin da ake so digiri 38 zuwa 42 ne, ɗan sama da na jiki wanda yake 37. In babu ma'auni, tsoma gwiwar hannu: in za ka iya barinta a ciki cikin natsuwa, ya yi, in sai ka cije, ƙara ruwan sanyi. Ajiye buta mai ruwan zafi nesa da yara don ƙarawa in ya huce, amma ka ciro ƙafar kafin ka zuba. Mai dafa ruwa da hitar lantarki ya zare ta daga soket kafin ya taɓa ruwan. Kada kuma a shiga da kaskon gawayi banɗaki a rufe ƙofa saboda sanyin hunturu, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ka fara da ɗumi, zagaye huɗu ko biyar. In gaɓar mai yawan kumbura ce ka ƙare da sanyi, in sagewa ce ta fi damunka ko dare ne ka ƙare da ɗumi. Fata za ta yi ja ko ta ɗan yi duhu, wannan ba komai. In ta yi fari fat, ko ta fito da borin jini, ko zugi ya ƙaru, ka dakata. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa. In an yi mako biyu gaɓar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, ko kumburin na nan yadda yake, ka nemi sashen gashin ƙashi a babban asibitin da ke kusa da kai a duba ko akwai tsagewar ƙashi ko jijiyar da ta tsinke.